Ƙwarin da ke zaune a gindin gashin ido, da abin da ke sa su zama cuta

Bidiyoyin da ake yaɗawa a Facebook da TikTok, masu nuna wasu halittu kamar tsutsa suna motsi a gindin gashin ido, sun tayar wa mutane da yawa hankali, kuma kusan kowane ɗaya za ka tarar da mai tallar sabulu ko man shafawa a ƙarƙashinsa yana alkawarin kawar da su cikin 'yan kwanaki. Abin da ake nunawa gaskiya ne, amma bayanin da ake rakiyarsa da shi yana buƙatar gyara sosai.

Sunan waɗannan ƙwari Demodex, kuma dangin kaska ne da gizo-gizo, shi ya sa ƙafafunsu takwas ne. Iri biyu ke rayuwa a jikin ɗan Adam. Demodex folliculorum, wanda tsawonsa bai wuce kashi ɗaya bisa uku na milimita da ɗan ɗoriya ba, yana zama a ramin da gashi ke tsirowa, kansa a ciki, wutsiyarsa a waje. Ɗan uwansa Demodex brevis ya fi shi gajarta, kuma yana nutsawa can cikin jakunkunan da ke samar da maiƙon fata, har da waɗanda ke gefen fatar ido. Maiƙo da matattun ƙwayoyin fata ne abincinsu. Da dare suke fitowa su yi barbara a bakin ramin, su koma su yi ƙwai, kuma rayuwar kowannensu ba ta wuce kimanin mako biyu ba. Ba sabon abu ba ne ga likitoci, domin tun 1842 wani likitan fata a Jamus, Gustav Simon, ya bayyana su bayan ya duba abin da ya matso daga ƙurajen fuska a ƙarƙashin madubin likita.

A 2014, masu bincike a jami'ar jihar North Carolina ta Amurka sun kankare maiƙon fuskar mutane, suka sami alamar waɗannan ƙwari a jikin duk baligin da suka gwada. Saboda haka mai wanka sau uku a rana yana ɗauke da su, malami da ɗalibi suna ɗauke da su, likitan da zai duba ka ma haka. Kasancewarsu a fuska ba shaidar ƙazanta ba ce, kuma ba cuta ba ce. Wanda ya ce zai sayar maka da abin da zai raba ka da su har abada, kuɗinka kawai yake so.

Matsala tana farawa ne idan sun yi yawa fiye da kima. Likitocin fata kan ɗauki sama da guda 5 a kowace murabba'in santimita a matsayin alamar cewa an wuce iyaka. A ido, yawansu yana haddasa kumburin gefen fatar ido: mutum ya wayi gari da ƙaiƙayi, ido ya yi ja, yana jin kamar an zuba masa yashi, gashin ido yana zubewa, hazbiya tana tafiya tana dawowa. Alamar da likitan ido ya fi dogara da ita ita ce wani ɓawo mai kama da amosani da ke naɗe a gindin kowane gashi kamar zobe, wanda ake gani sarai idan majinyaci ya sunkuyar da idonsa a gaban fitilar gwaji. A fuska kuma, an daɗe da lura cewa masu cutar rosacea, wata cutar fata da ke sa fuska ta yi ja da ƙuraje, suna ɗauke da ƙwarin nan ninki da yawa fiye da sauran mutane, ko da yake masana suna ci gaba da muhawara kan ko ƙwarin ne ke tayar da cutar ko cutar ce ke gyara musu wurin zama. A fatar baƙar fata jan da aka san cutar da shi ba ya fitowa sosai, don haka sau da yawa a kan ɗauke ta a matsayin ƙurajen samartaka, a yi ta maganin da bai dace ba.

Abin da ke riƙe da yawansu shi ne garkuwar jiki. Suna bunƙasa a jikin tsofaffi, da masu cutar HIV, da masu shan maganin da ke danne garkuwa, da kuma waɗanda suka daɗe suna shafa mai mai ɗauke da sitiroyid a fuska. Wannan na ƙarshe shi ne ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin mayukan bilicin da ake haɗawa a kasuwanninmu suna ƙunshe da clobetasol ko betamethasone, magunguna masu ƙarfi da aka yi domin a yi amfani da su na ɗan lokaci bisa umarnin likita. Mace ta shafe wata da watanni tana shafawa, fata ta yi siriri, garkuwar wurin ta kwanta, ƙwari su hayayyafa, ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi su feso. Idan ta koma kemis, sai a ba ta wani man mai sitiroyid, ya lafar da ƙaiƙayin na 'yan kwanaki, sannan abin ya dawo fiye da da. A ganina, wannan zagayen ya fi ƙwarin kansu cancantar a yi masa bidiyo. Haka nan 'yan matan da ke liƙa gashin ido na kanti, su daina wanke gefen ido don kada gam ya saki, suna tara maiƙon da ƙwarin ke ci.

Magani akwai. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da man ivermectin na rosacea a 2014, kuma shi ne sinadarin da aka daɗe ana rabawa a ƙauyukanmu da sunan Mectizan domin yaƙi da makantar rafi. A 2023 ta amince da maganin ɗigawa a ido mai suna lotilaner domin kumburin gefen fatar ido da ƙwarin nan ke haddasawa, wanda ake ɗigawa sau biyu a rana tsawon mako shida. Wannan ba lasisi ba ne ga kowa ya nemi ivermectin na dabbobi ya shafa a fuska, ko ya ɗiga wani mai a ido saboda an yaba shi a intanet. Gasa ido da tsumma mai ɗumi da wanke gefensa kullum suna rage damuwar ga mutane da yawa, sauran kuma sai likitan ido ko na fata ya duba.

A kuma kiyaye kada a haɗa su da ƙazuwa. Ita wani ƙwaro ne daban ke kawo ta, mai haƙa rami a cikin fata, yana yaɗuwa a ɗakin kwana da makarantun kwana, kuma maganinta sai an yi wa duk mutanen gidan a lokaci ɗaya.