Masu komawa gida da masu neman ƙasar wasu: ra'ayina kan finafinan sararin samaniya

A kowace shekara, a ranar da ta faɗo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, Sinawa kan yi bikin sabuwar shekararsu ta gargajiya, wanda suke kira bikin bazara, kuma kafin ranar ta zo ɗaruruwan miliyoyin mutane kan ajiye aikinsu a masana'antun Guangdong da Zhejiang da Shanghai su kama hanyar mahaifarsu, don kada daren jajibiri ya riske su nesa da iyayensu. Hukumomin ƙasar sun ware kwana 40 domin wannan zirga-zirga da ake kira Chunyun, kuma a shekarar 2019 an ƙiyasta tafiye-tafiyen da aka yi a jiragen ƙasa da motocin haya da jiragen sama da na ruwa sun kai kusan biliyan 3. Mafi yawan masu cika tashoshin 'yan ci-rani ne, waɗanda adadinsu a ƙasar ya kusa miliyan 300, kuma da yawansu wannan ce kaɗai damar da suke da ita a shekara ta ganin 'ya'yan da suka bari a ƙauye a hannun kakanni. Tsarin rajistar mazauni da ake kira hukou ne ke ɗaure haƙƙin yaro na makaranta da asibiti ga garin da aka yi wa iyalinsa rajista, shi ya sa uwa da uba ke aiki a birni alhali ɗansu yana girma a wani lardi mai nisan tafiyar yini da kwana. A farkon shekarar 2008, da dusar ƙanƙara ta katse layukan dogo a kudancin ƙasar, dubban ɗaruruwan matafiya sun yi kwanaki a tsaye a harabar tashar Guangzhou cikin sanyi da ruwa, amma akasarinsu suka ƙi juyawa, domin ga ɗan ci-rani rashin zuwa gida ya fi wahalar hanya ciwo. Duk wanda ya taɓa ganin tashar mota a jajibirin Sallah zai fahimci zuciyar waɗannan mutane ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani fim na ƙagaggen labarin kimiyya mai suna The Wandering Earth, wanda Guo Fan ya ba da umarni, aka ciro shi daga gajeren littafin Liu Cixin na shekarar 2000, aka kuma sake shi ranar 5 ga Fabrairu, 2019, wato ranar farko ta sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da iyalai suka gama cin abincin haɗuwa suna neman inda za su fita tare. Fim ɗin ya tara sama da yuwan biliyan 4, kuma a ganina ba ƙwarewar kwamfuta kaɗai ta jawo masa wannan kasuwa ba. Labarin ya ce rana ta fara kumbura za ta cinye duniya, sai 'yan Adam suka haɗu suka kafa manyan injuna kimanin 10,000 a doron ƙasa domin su tura duniyar ɗungurungum zuwa wani tauraro, tafiyar da za ta ɗauki shekara 2,500, wato zuriya ɗari. Maimakon su ƙera jirgi su tsere su bar gidan yana ci da wuta, sai suka ɗauki gidan da kaburburan kakanninsu da duwatsunsa da tekunansa da suka daskare suka yi gaba da shi.

Kafin a gane nauyin wannan zaɓi, sai an waiwayi inda irin waɗannan labarai suka samo tushe a ƙasashen Yamma. H. G. Wells, ɗan Ingila, ya fitar da littafinsa The War of the Worlds a 1898, daidai lokacin da Turawa ke yanka nahiyar Afirka suna rabawa, kuma tun a babin farko ya tunatar da masu karatunsa cewa kafin su yi wa maharan duniyar Mars hukunci su tuna abin da Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka yi wa mutanen tsibirin Tasmaniya cikin shekara hamsin. Shekara ɗaya bayan fitar littafin, rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni ta karkashe mutanenta, ta kuma gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, sannan a 1903 sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato da bindigogi masu aman wuta. Wells ya juya hoton ne kawai, ya sa Landan ta ɗanɗana abin da take ɗanɗana wa wasu. Daga wancan lokaci zuwa yau, mafi yawan labaran sararin samaniya da Hollywood ke sayar wa duniya suna tafiya ne a kan hanyoyi biyu: ko dai baƙi masu makaman da suka fi namu su zo su ƙwace mana ƙasa, ko kuma mu mu tashi mu je mu sami wata duniya mu kafa tuta a kanta. A hanyoyin biyu duka, ƙasa abu ce da mai ƙarfi ke ɗauka, kuma gida wuri ne da ake bari idan ya daina amfani.

Wani zai ce ai Avatar na James Cameron, wanda ya fito a 2009, ya soki mulkin mallaka ƙiri-ƙiri, kuma na yarda da hakan. An nuna kamfani mai sojojin haya da ya je duniyar Pandora don haƙar wani ma'adini mai tsada, ya rusa babbar bishiyar da mutanen Na'vi ke zaune a cikinta saboda arzikin yana ƙarƙashin saiwoyinta, kuma babu ɗan Nijar da ya san tarihin yuraniyom na Arlit da zai kalli wannan wuri zuciyarsa ba ta sosu ba. Lokacin da fim ɗin ya shiga Sin a farkon 2010, 'yan kallo da dama sun ga kansu a cikin mutanen Na'vi, domin a shekarun nan ana yawan tashin mutane daga gidajensu da ƙarfi don gina manyan benaye da hanyoyi. Sai dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wanda ya ceci mutanen Pandora a ƙarshe tsohon soja ne daga cikin maharan, wanda ya koyi harshensu da al'adunsu cikin 'yan watanni, ya fi 'ya'yan gida iya hawan tsuntsun da ya gagari jarumansu, ya kuma zama jagoran yaƙinsu. Haka a Dune, littafin ƙagaggen labarin kimiyya da aka mayar fim, inda aka aro kalmomin Musulmi irin su Mahdi aka ɗora wa mutanen hamada masu arzikin da kowa ke kwaɗayi, ɗan gidan sarautar baƙi ne ya zo ya zama wanda suke jira, kodayake marubucin da mai ba da umarnin sun yi ƙoƙarin nuna haɗarin bin irin wannan mai ceto. Labari na iya tausaya wa wanda aka mallaka alhali bai yarda ya bar shi ya riƙe ragamar labarinsa ba.

A nan ne nake ganin fim ɗin Sinawa ya zo da wani abu dabam, kuma abin ya samo asali ne daga al'adar komawa gida da kuma tarihin ƙasar. Sin ta ɗanɗana mulkin mallaka daga ɓangaren wanda aka taka. Ingila ta yaƙe ta daga 1839 zuwa 1842 saboda ta hana cinikin ƙwayar ofiyom, ta karɓe Hong Kong wadda ba ta dawo ba sai 1997, sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar bazara ta Yuanmingyuan a 1860 aka kuma banka mata wuta, sannan Japan ta mamaye Manchuriya a 1931. Al'ummar da ake koya wa 'ya'yanta wannan tarihi a makaranta, wadda kuma manomanta suka shafe dubban shekaru suna noma gonar da kakanninsu ke kwance a gefenta, da wuya ta ga jarunta a cikin barin ƙasa don neman ta wasu.

Akwai wurare biyu a cikin fim ɗin da nake so mai karatu ya duba da kyau. Na farko shi ne buɗewar labarin a birnin Beijin na ƙarƙashin ƙasa a lokacin bikin bazara, inda aka rataye jajayen fitilu a cikin ramuka, ana rawar zaki, ana caca da ƙwayoyin wasan Sinawa da ake kira majan, ana sayar da busassun tsutsotsi a matsayin abin ƙwalama saboda gonaki sun daskare, amma duk da haka babu wanda ya ce a soke bikin. Na biyu yana kusa da ƙarshe, lokacin da ƙarfin jan duniyar Jupita ya kama duniyarmu, hukumar haɗin kan duniya ta sanar cewa an sha kaye, ta ce kowa ya koma ya yi kwanakinsa na ƙarshe da iyalinsa. Aka ga manyan motocin masu aikin ceto daga ƙasashe daban-daban sun jera suna komawa gida a kan ƙanƙara, kamar dai Chunyun ta ƙarshe a tarihin ɗan Adam, har sai da wata yarinya ta roƙe su ta rediyo, sai motocin suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya zuwa injin da ke Sulawesi a Indunusiya. A daidai wannan lokaci kwamfutar tashar sararin samaniya ta riga ta yanke shawarar watsar da duniya ta tsere da ƙwayoyin halittar ɗan Adam da irin shuka domin a je a fara sabuwar rayuwa a wani wuri, wato ainihin mafitar da aka saba gani a finafinan Amurka, sai wani ma'aikacin tashar, uban da ya shekara 17 bai ga ɗansa ba, ya ƙi yarda, ya ƙona tashar da kansa a ciki don duniyar ta kuɓuta. Wanda ya kalli wannan a sinima kwana biyu bayan ya sauka daga jirgin ƙasa na sa'a ashirin, mahaifiyarsa na zaune kusa da shi, ya san abin da ake gaya masa.

Duk da wannan yabo, ba zan ce fim ɗin ya wanke hannunsa tas daga tunanin mallaka ba, kuma a nan ne nake roƙon masu ɗaukar duk abin da ya saɓa wa Amurka a matsayin alheri su ɗan dakata. A cikin labarin, biranen ƙarƙashin ƙasa ba su isa kowa ba, don haka ƙuri'a aka jefa, kuma kusan rabin mutanen duniya suka halaka a ambaliya da sanyi bayan an tsayar da juyawar ƙasa. Fim ɗin ya faɗi wannan a cikin 'yan jimloli ya wuce, bai tsaya ya nuna mana fuskar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ƙuri'ar ba ta faɗa kansu ba, in ban da matar uban nan na tashar sararin samaniya, wadda mijinta ya yarda a dakatar da jinyarta domin ɗansu da kakansa su sami shiga. Mulkin mallaka bai taɓa rasa kyakkyawar hujja ba, kullum yakan zo ne da sunan ci gaba ko ceto, kuma alamarsa ita ce wasu tsiraru su zauna a ɗaki su yanke wa biliyoyi hukuncin wanda zai rayu da wanda za a sadaukar. Haka kuma zirga-zirgar Chunyun da ke burge mu tana da farashinta, domin ba don tsarin da ya raba ma'aikaci da 'ya'yansa wata goma sha ɗaya a shekara ba, da ba a sami wannan tururuwa a tashoshi ba. Ƙaunar gida gaskiya ce, amma tilas ce ta mayar da ita tafiya sau ɗaya a shekara.

Kashi na biyu na fim ɗin, wanda shi ma aka sake shi ranar sabuwar shekarar Sinawa, 22 ga Janairu, 2023, ya ƙara mini wannan damuwa. An kafa wata doguwar na'ura mai ɗaukar mutane da kaya daga ƙasa zuwa sararin samaniya a birnin Libarabil na ƙasar Gabon, a nan kuma aka gwabza ɗaya daga cikin manyan faɗace-faɗacen labarin, amma waɗanda labarin ke bin rayuwarsu da waɗanda maganarsu ke sauya makomar duniya Sinawa ne, Afirka kuwa fili ce da aka kafa inji a kanta. Ba na ganin laifin Sinawa don sun sa kansu a tsakiyar fim ɗin da suka kashe kuɗinsu a kai, kowa ma haka yake yi. Abin da nake cewa shi ne ɗan Afirka ya kalli wannan da ido biyu, domin a zahiri Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ce ke samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'adinin kobalt da ake haɗa batiran waya da na motocin lantarki da shi, kuma kamfanonin Sin ne ke riƙe da yawancin manyan ma'adanan, ciki har da Tenke Fungurume. Mutanen da ake tasa daga unguwanninsu a Kolwezi don a faɗaɗa ramukan haƙa su ma suna da gidajen da ba sa so su bari, suna da kaburburan iyaye da ranakun haɗuwar dangi, kuma da za a tambaye ni labarin da ya fi cancanta a yi wa fim na gaba, da nasu zan ambata, a kuma bar ɗan Kolwezi ya rubuta shi da harshensa, ya tsaya a bayan kyamara da kansa.