Kwalbati muka roƙa, aka kawo mana fenti

Wai don Allah waye ke zama ya tsara wa ƙaramar hukuma inda za ta zuba kuɗi ne? Damina uku kenan da kwalbatin bakin layinmu ya rufta, in an yi ruwa yara sai sun cire takalma sun naɗe wando kafin su tsallaka zuwa makaranta, mun rubuta takarda mun kai wa kansila yace wai an saka a kasafi. To kasafi ya fito, sai ga leburori suna fentin shataletale ana kafa fitilu kala-kala, harda ƙaton allo mai hoton ciyaman yana murmushi. Wai bunƙasa tattalin arziki kenan! Masu shago sun rasa kwastoma tunda mota bata shiga layin, amma masu karɓar haraji kam basu taɓa ɓatan hanya, da rasit a hannu suke tsallake taɓon. Taron jin ra'ayin jama'a kuwa ƙarfe 10 na safe ranar aiki ake sa shi, sanarwar ma sai an watse muke gani. Jiya dai karo-karo muka yi muka jera buhunan yashi.