Allon Kakana Ba Shi da Suna

Tuƙin motar kaya ya kawo ni Munik ta ƙasar Jamus, ba zane ba. Amma a ƙarshen 2016 wani abokina ɗan Sudan ya ja ni zuwa gidan nunin zane na Haus der Kunst, ginin da Hitila ya buɗe a 1937 don tallar abin da yake kira zanen Jamusawa tsantsa. Ikon Allah, mai riƙe da gidan a lokacin ɗan Najeriya ne, Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba. Shi da abokan aikinsa sun tara zane-zanen da aka yi tsakanin 1945 da 1965 daga ƙasashe 65, don a san cewa bayan yaƙin duniya na biyu ba Faris da Niyok kaɗai ke da masu hannu ba.

A gaban aikin Ibrahim El-Salahi na kafe. Ɗan malamin allo ne daga Omdurman, kusa da Khartum a Sudan, kuma hannunsa bai ɓoye hakan ba: layin ya fito kamar jan harafi, sai ya lanƙwashe ya zama fuska. Nan take na tuna kakana a Marwa ta arewacin Kamaru, zaune a zaure da alƙalamin kara da tawadar ƙaro, yana yi wa allon sauka zayyana. Sai ya kwana uku a kan allo ɗaya, ja nan, rawaya can, in layi ya karkace ya wanke duka. A waɗannan shekarun dai, 1945 zuwa 1965, ya yi aikinsa. Yau ko ɗaya babu. Wasu gara ta ci, wasu an sayar wa Turawa masu wucewa yawon buɗe ido Waza da Rumsiki.

Ban ce kakana El-Salahi ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai ƴar takardar da ke gefen kowane zane ce: suna, shekara, gari. Da ita Enwezor ya iya jera ɗan Khartum kusa da ɗan Amurka ya ce ga sa'o'in juna. Kayanmu kuwa, in ka gan su a gidajen tarihin nan, abin da za ka karanta bai wuce "Hausa ko Fulani, arewacin Kamaru" ba, sai ka ce ƙabila ce ta zauna ta ɗinka jakar.

A 2023 wani bincike na malaman Jamus da Kamaru ya ƙirga kayan Kamaru sama da 40,000 a gidajen tarihin Jamus, ƴan uwa a WhatsApp kowa na cewa a maido. Ni ma na ce a maido. To, in sun dawo, wa zai faɗi wanda ya yi su? Je ka kasuwar masu sana'a ta Marwa yanzu, ka ɗaga jaka ko takalmi, babu alamar badukun da ya yi. Wannan kam ba Bature ya hana mu ba. Duwala tana da cibiyar zane ta doual'art tun 1991. Mu a arewa ko littafin sunaye ba mu buɗe ba.

Wani malami ya ce mini sa suna riya ce. Allah gafarta malam, masu kwafar littattafai na da in sun kai ƙarshe sukan rubuta sunansu, har su roƙi mai karatu addu'a. Su ma riya suka yi?

Bara na tura ƙanena wajen wani tsohon baduku a unguwarmu, na ce ya ɗauki hoton aikinsa da waya, ya rubuta suna da shekara. Tsohon ya yi dariya ya ce, "Yaro, jakar za a rataya ko ni?" Da ƙyar ya yarda. Da aka zo kan wata tsohuwar gafaka ya ce bai san shekara ba, amma dai lokacin da Ahijo ya sauka daga mulkin Kamaru ne. Ƙanena ya rubuta 1982.