Ɗigon Alhaji

LIKITA: (ya ɗaga hoton ƙirji saitin taga, don tun asuba ba wuta) Alhaji, ka ga ɗan farin ɗigon nan a huhun dama?

ALHAJI: Maɓallin rigata ne. Ɗan Dubai.

LIKITA: Ai sai da ka tuɓe aka ɗauka.

ALHAJI: To ƙuda ne ya faɗa injin naku.

ƊAN KORE: Wallahi ƙuda ne, ranka ya daɗe. A gabana ya shiga.

(Lokacin yana bakin get yana cinikin rake.)

LIKITA: Tsohon tabon tarin fuka ne. Wataƙila tun kana yaro ka shaƙi ƙwayar. Karon farko takan sauka can gefen huhu, wajen tsakiya, ta yi ɗan gurbi da bai fi santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba.

ALHAJI: Tarin me? Ni? Hajji bakwai, Umara ba adadi! Ciwon 'yan haya ne wannan, Likita.

LIKITA: Ƙwayar ba ta duba fasfo. Daga gurbin ta gangara zuwa kaluluwar da ke gindin huhu, ga ta nan ita ma ta yi fari.

ALHAJI: Kaluluwa a hammata take fitowa, ko a matsematsi. Wa ya taɓa jin ta a ƙirji? A ina ka yi karatu?

ƊAN KORE: Ƙirjin Alhaji ba ya kaluluwa.

LIKITA: Tsakiyar gurbin yakan mutu ya yi laushi kamar cuku. A yawancin mutane jiki yakan killace shi, kalsiyam ya taru ya ƙandare. Shi ya sa ba ka taɓa jin komai ba. Ɗigon da kaluluwar tare ana kiransu da sunan Anton Ghon, likitan Ostiriya da ya yi bayaninsu a 1912.

ALHAJI: (ya gyara zaman hula) Ostiriya? Ta Turai?

LIKITA: Ita.

ALHAJI: Ato! Ka ce na waje ne. Kuma ka ce jikina ya kama ta ya ɗaure?

LIKITA: Ya ɗaure, amma ba lallai ta mutu ba. In suga ya yi yawa, ko tsufa ya...

ALHAJI: Wane tsufa?

LIKITA: ...tana iya farkawa. Tunda kana ɗan tari, kawo kaki a gwada. In an samu, magani wata 6 ne, kuma kyauta.

ALHAJI: Kyauta? Allah ya kiyaye! Me za a ce a unguwa? Ba ku da na kuɗi?

LIKITA: Shi ke nan iri ɗaya.

ALHAJI: To ni ba na tofa kaki a roba. Kai, tofa masa.

ƊAN KORE: (ya fara gyaran murya)

LIKITA: Naka ake so, Alhaji!

ALHAJI: Ai yarona ne, duk ɗaya. Hoton kuma a sa min a firam. Santimita ɗaya ka ce? Duba da kyau, na Alhaji Sule ba zai fi nawa ba.