A taɓa ƙaiƙayi, a bar mana kara

Duk wanda ya ga kwatocin Sabon Gari ko Tudun Wada a Zariya bayan ruwan Agusta ya san abin da leda ke mana, mahauta ma su faɗa maka, sau nawa ake farke tumbin akuya a ciro ƙunshin leda. Ruwanda ta hana ledar tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, mu kuma har ƙosan naira ɗari sai an ƙulla mana a ciki.

Ledar da ke ruɓewa a ƙasa akwai ta, ana yin ta da sitacin rogo ko na masara, matsalar dai ba ta da ƙarfi, da ta sha danshi sai ta yi laƙwas ta yage. To maganin ai tsohon ilimin maginanmu ne, ƙasa zalla tsagewa take yi, sai an cuɗa ta da ciyawa kafin ta riƙe gini. Haka masana ke yi, su dafa ƙaiƙayin shinkafa ko totuwar masara ko tukar rake a ruwan sodar yin sabulu har abin da ya manne zaren ya narke, su wanke, su fitar da siraran zaren da ake kira selulos, su zuba kaɗan a kwaɓin sitacin. Kaɗan fa, in ya yi yawa dunƙulewa yake yi ledar ta koma karyewa.

Inda nake da magana shi ne kalmar "shara" da ake kiran ragowar amfanin gona da ita. Karan dawa ba shara ba ne wallahi, da shi ake danni, da shi ake girki, shi shanu ke ci da rani, harawa kuwa kuɗi ce. Ranar da kamfani ya fara sayen kara, talaka da makiyayi ne za su ji a jikinsu. Ƙaiƙayin da ke tule a bayan injinan casa ana banka masa wuta, shi ya kamata a nufa, kusan kashi ɗaya cikin uku nasa selulos ne.

Kuma Zariya ba ta da uzuri, ga jami'ar ABU, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa, ga raken Maƙarfi a kusa. Ni da za a ji tawa kada a fara da ledar koko, zafi da ruwa za su kunyata ta tun ranar farko. A fara da ledar renon dashe, wadda manomi zai binne tare da shukar ta ruɓe a ramin.