Nasiha ga matasan Kebbi: tiramol da danginsa na marar lafiya ne

Assalamu alaikum ƙannena da sa'o'ina na Kebbi, na gari da na ƙauye.

Akwai zafin ciwon da farasitamol ba ya ko taɓawa. Wanda ya yi jinyar mai ciwon daji bayan cutar ta kai ga ƙashi ya san shi. Wanda yake da ɗan sikila a gida ya san shi, ya san daren da yaro zai yi ta birgima yana roƙon a sare masa ƙafa ya huta. Haka wanda wuta ta ƙone, da wanda aka kwaso daga haɗarin mota a hanyar Jega, da matar da aka yi wa tiyata aka ciro jariri. Saboda irin waɗannan bayin Allah aka tanadi wani rukunin magunguna masu ƙarfi: mofin, fetidin, fentanil, allurar penta, sai masu bi musu, tiramol da kodin. A hannun likita rahama ne. Mu kuwa mun ɗauke su daga gefen gadon marar lafiya mun kai su fadama da tasha da majalisa, kuma ɓarnar ba a kan mai sha kaɗai ta tsaya ba.

Tushen rukunin wani tsiro ne da ake tsaga ƙwallonsa a tatsi ƙaro. Daga wannan ƙaro wani matashin mai haɗa magani a Jamus, Friedrich Sertürner, ya ware mofin a farkon shekarun 1800, kuma har yau da shi ake auna ƙarfin sauran. Tiramol na baya-bayan nan ne, a 1977 aka fara sayar da shi a Jamus. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku don masu ciwon daji: a fara da irin su farasitamol, in bai kama ba a hau zuwa kodin da makamantansa, in zafin ya gagara a ba da mofin. Likita yana duba shekarun mutum da nauyinsa, da lafiyar ƙodarsa da hantarsa, da sauran magungunan da yake sha. Yana farawa da kaɗan, yana lura da numfashi, ciwo na sauka yana ragewa. Mai sayar da ƙwaya a leda ba ruwansa da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuɗinka kawai yake dubawa.

Ku fahimci yadda suke aiki, domin a nan haɗarin yake. Maganin ba ya warkar da komai. Yana zuwa ƙwaƙwalwa da lakar baya ya rage saƙon zafi, mutum ya ji sanyi a ransa. Wurin da yake taɓawa a ƙwaƙwalwa kuwa ya haɗa da inda ke kula da numfashi. In awo ya wuce ƙima, numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya, mutum yana kwance ana zaton barci yake. Tiramol yana da ƙarin nasa sharrin, wato jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda babu farfaɗiya a danginsu. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum mai ƙoshin ƙoda, kuma a rarrabe ake ba da shi. Wanda NAFDAC ta amince da shi a Najeriya mai 50 ne da mai 100. Na kan titi kuwa 200 ne da 225 da 250, wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, galibi daga Indiya, kuma jiharmu tana iyaka da Nijar da Binin. Yaron da ya watsa biyu a lokaci guda ya riga ya kai, ko ma ya haura, iyakar abin da likita zai ba babban mutum a yini guda.

Ku je fadamar shinkafa lokacin dashe ko yanka, tun kafin rana ta yi zafi. Za ku ga ɗan ƙwadago ya tsuguna gefen kunya, ya ɓare ƙwaya ya jefa cikin kofin shayi, ya juya da tsinke ya kurɓe. Kafin hantsi yana aiki kamar ba shi da jini a jika, lauje ya yanke shi a yatsa bai ma sani ba sai da abokin aikinsa ya nuna masa. Mai gona yana ta yaba masa. In ka tambaye shi, amsar ɗaya ce da ta ɗan kabu-kabu da ta mai dakon buhuna a kasuwa: “Yallaɓai, don ƙarfin aiki ne, ba don maye ba.” Na yarda da gaske yake faɗa, kuma ban raina wahalarsa ba, neman halal yake. Sai dai ƙwayar ba ta ƙara masa ƙarfi ko na sisin kwabo ba, gajiyar ta ɓoye masa. Kamar mai injin ban-ruwa ne da ya ji injin ya sauya kuka, maimakon ya kashe ya duba baƙin mai sai ya toshe kunnensa. Bayan 'yan watanni guda ɗaya ba ta isarsa, domin jiki ya saba. Ranar da bai samu ba kuwa, ga hamma, ga hawaye da majina, ga gumi da zawo, ga ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace masa. Daga nan ba don aiki yake sha ba, yana sha ne don ya iya miƙewa daga tabarma. Kuɗin ƙwadagon da aka ce don shi ake sha, rabinsa a hannun mai ƙwaya yake ƙarewa.

Akwai kuma masu sha don harkar aure, abokai sun ce yana sa a daɗe. Abin da abokan ba su faɗa ba shi ne, yawan shan irin waɗannan magunguna yana rage sha'awar kanta, har namiji ya wayi gari ba ya iya komai. Ango da yawa sun shiga ta wannan ƙofa, kunya ta hana su faɗa wa kowa.

'Yan'uwana mata, ba a bar ku a baya ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol suke sha ba bisa umarnin likita ba, kuma cikin kowane masu shaye-shaye huɗu ɗaya mace ce. A watan Mayun shekarar ne gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma kwalbar ba ta daina shiga ɗakuna ba, ana juye ta cikin lemo a gidan biki. Kodin in ya shiga hanta wani sashensa mofin yake komawa, kuma yana bin nono. Mai shayarwar da ta sha, jaririnta ma ya sha. Shi ya sa ba a ba mai goyo, ba a kuma ba yaron da bai kai shekara 12 ba.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. A wani asibiti na ga budurwa mai sikila an kawo ta cikin dare, ta dunƙule wuri guda, ta cije gefen mayafinta don kada ta yi ihu a gaban maza. Ta faɗi sunan allurar da ta san tana yi mata aiki, domin tun tana ƙarama take fama. Jin ta ambaci sunan, sai kallo ya sauya. Na ji wani yana cewa ƙasa-ƙasa, “Irinsu ne, allurar ta zo nema.” Mahaifiyarta ta yi ta rantsuwa tana nuna katin asibiti. An daɗe kafin a taimaka mata. Ban wanke wanda ya yi wannan magana ba, ya yi kuskure babba. Amma ku tambayi kanku daga ina zargin ya samo asali. Daga waɗanda ke zuwa da ciwon ƙarya ne, da masu buga takardar likita ta jabu, da masu sayen penta a bayan kanta suna caka wa kansu har cinya ta ƙandare ta zama gyambo. Kowane ɗayansu yana sa a ƙara kulle kabad, a ƙara tsoron rubutawa. Can cikin ƙauye kuma akwai tsohuwa mai ciwon daji a nono, 'ya'yanta sun hana a ba ta mofin wai kada ta zama 'yar ƙwaya, tana kwana tana nishi. Wannan ba tausayi ba ne. Wanda likita ke ba mofin saboda ciwon daji, bisa awo da lokaci, magani yake sha, kuma yana da haƙƙin ya samu barci, ya yi sallarsa cikin natsuwa, ya yi magana da iyalinsa.

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma shi ne ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne. Wanda ke cewa “ai ba giya ba ce, a kemis ake sayarwa” ya san yaudarar kansa yake yi. Kai kuma mai kemis, lasisinka bai ba ka damar sayar da waɗannan ba, kuma yaron da ka miƙa wa ta ƙarƙashin tebur ɗan maƙwabcinka ne, da kai za a je jana'izarsa.

In likita ya rubuta maka bayan tiyata ko karaya, sha yadda ya ce, kada ka ƙara da kanka, kada ka hau babur ko ka tuƙa mota yana jikinka. Gaya masa in kana shan maganin barci ko na farfaɗiya. Ka ɓoye shi inda yara ba sa kaiwa, in ya ragu ka mayar asibiti, kada ka ba wani don ya ce bayansa na ciwo. Haɗa shi da giya ko magungunan sa barci irin su rafanol da diyazefam kuwa, yana cikin abubuwan da suka fi kai masu sha kushewa, domin dukansu numfashi suke dannewa.

In kun ga abokinku ya sha ya ƙi tashi, yana wani irin minshari mai kakari, numfashinsa jefi-jefi, ɗigon tsakiyar idonsa ya ƙanƙance, leɓɓansa sun sauya launi, kada ku ce a bar shi ya yi barci ta sake shi. Kada ku ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. Ku kwantar da shi ta gefe, ku nemi abin hawa zuwa asibiti mafi kusa, ku tafi da ledar abin da ya sha, ku faɗi gaskiya. Akwai allura mai suna naloksan da ke karya ƙarfin waɗannan magunguna cikin 'yan mintoci, amma sai an kai shi da sauran numfashi. Tsoron kada asiri ya tonu ya sa an rufe ɗaki a kan yara da yawa har gari ya waye.

Kai kuma da ka riga ka shiga, ba a rufe maka ƙofa ba. Kada ka yanke rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki, wahalar za ta mayar da kai. Nemi babba guda da ka yarda da shi, ku je wurin likita a tsara maka ragewa sannu a hankali. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato yana karɓar masu wannan matsala, kuma zuwa can ba ya nufin ka haukace. Iyaye, ɗaure yaro da mari da duka ba ya cire ƙwaya daga jini. Sannan ku riƙe wannan da kyau: wanda ya yi makonni bai sha ba, ko a asibiti ko a gidan yari, jikinsa ya sauka daga sabon da ya yi. In ya koma ya watsa adadin da yake sha a da, wannan adadin yana iya tsayar masa da numfashi. Saboda haka makonnin farko bayan dawowarsa gida su ne lokacin da za a fi sa masa ido, a raba shi da tsohuwar majalisarsa, a samo masa abin yi.