Ya kamata rediyon Sakkwato ya daina bin sawun TikTok

Ranar Talatar da ta wuce da hantsi na kama wata tashar FM ta cikin garin nan, na iske mai gabatarwa ya share kusan rabin awa yana ba da labarin wasu 'yan TikTok biyu da ke tona wa juna asiri. Ya karanta, ya ƙyalƙyale da dariya, ya buɗe layi. Wannan yayi na "abin da ke tashe" ya mamaye shirye-shiryen safe a tashoshinmu, kuma ya ishe ni.

Hujjar masu tashoshin kowa ya san ta. Matasa sun koma waya, masu talla sun bi su, kuɗin tafiyar da janareta ya hana kowa barci. Duk gaskiya ne, amma maganin da suka zaɓa ya fi cutar muni. Yaron da ke da data ya kalli bidiyon nan da idonsa tun daren jiya, har ya tura wa abokansa. Me zai zaunar da shi ya saurari kwatancen abin da ya riga ya gani? Ba a samu yaron ba, an kuma wulaƙanta wanda bai taɓa barin rediyo ba: manomin albasa a Wurno, mai shinkafar rani a Goronyo, direban hanyar Illela, uwargida a cikin gida tana tankaɗe, akwatin rediyo na gefen turmi.

Da alama mun yi saurin mantuwa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Facebook ya yi shiru, WhatsApp ya yi shiru. Mutanen gabashin Sakkwato ba su da abin jin halin da ƙasa ke ciki sai rediyo mai batir. Waɗannan mutanen ne yau ake karanta wa rigimar da ba ta shafe su ba, sannan a bi su da awa guda ta sojojin baka suna zagin juna, a rufe da mai maganin da ke warkar da cuta goma da kwalba ɗaya. Wallahi abin da ciwo.

Masu cewa shirin karkara ba ya kawo kuɗi, su tambayi dillalin taki da mai sayar da injin ban ruwa inda abokan cinikinsu suke.

Abin da waya ba ta iya ba wa Basakkwace shi ne labarin ƙofar gidansa daga bakin da ya yarda da shi. Nawa aka sayar da buhun gero a Achida ranar Laraba? Ya farashin raguna ya kwana a Illela ranar Lahadi, ya kuma yake a kasuwar Kara ta cikin garin nan? Yaushe za a saki ruwa daga madatsar Goronyo, don na fadama su kwashe kayansu? Muryar da ta zagaye WhatsApp jiya cewa an tare hanya, gaskiya ce ko ƙanzon kurege? Tashar da ta amsa waɗannan kullum a lokaci ɗaya, minti goma kacal, ba ta da abokin takara. Kuma a faɗe su da Sakkwatanci, yadda ake magana a Gwadabawa da Tangaza, a bar kwaikwayon harshen wasu. A ba Fulfulde da Zabarmanci lokacin kirki, ba ragowar tsakar dare ba.

Rima Radio da tashoshi masu zaman kansu duk suna da ma'aikatan da suka san ƙauyukan nan. A ba su kuɗin mota da na'urar ɗaukar murya, a tura su kasuwa ranar Laraba mai zuwa.